Tsibirin Cramond: Masu cewa a ci tarar wanda teku ta ritsa da shi, sun san abin da suke nema?

Duk shekara, da zarar sanyi ya saki birnin Edinbara na ƙasar Sikotlan rana ta fara leƙowa, labarin nan sai ya dawo kamar mai bin bashi. Wasu sun taka zuwa tsibirin Cramond, sun shagala, teku ta cika ta rufe hanya, an taso jirgin ceto daga garin Queensferry da ke kusa ya kwaso su. Labarin kansa na saba da shi, ba ya ɗaga mini hankali. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo baya. Kafin waɗanda aka ceto su gama shanya takalmansu, jarumawan Facebook sun riga sun zauna sun yanke hukunci. Wannan ya ce a aika musu da takardar kuɗin man jirgi, wancan ya ce a ci su tara mai zafi, wani ya ce a kafa ƙofa a bakin mashigin a datse da kwaɗo kowa ya huta. Masu zafin kai daga cikinsu ma cewa suke a bar su can su kwana, wai wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Da maganar ta tsaya a bakin 'yan zaman kashe wando na intanet, da na kyale. To amma na ji ta a bakin mutanen da nake ganin girmansu, har da namu mazauna nan, shi ya sa na ce bari in tanka.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, wurin ba wani ƙato ba ne. Tsibiri ne da bai wuce eka 19 ba, a cikin mashigin tekun Forth, daidai inda kogin Almond ke zuba, arewa maso yamma da tsakiyar birni. Ba kowa a cikinsa. Babu shago, babu famfo, babu banɗaki. Wata siririyar hanyar kankare mai tsawon kusan mil guda ce ta haɗa shi da ƙauyen Cramond, kuma a gefenta ga wasu ginshiƙan kankare a jere, masu faɗin gindi da tsinin kai, kamar haƙoran zarto. Idan teku ta janye, sai ka taka sayyadarka cikin minti 20 ka isa. Idan ta dawo, hanyar sai ta nutse har ruwa ya shanye tsayin mutum a wasu wurare, kawunan ginshiƙan kaɗai ke leƙowa. Sau biyu ake yin haka a kowace rana, tun kafin a haifi kakan kakan mai cewa a ci tara.

Hujjar masu tara guda ɗaya ce tak, kuma suna jin ta da daɗi a baki: ai akwai allo. E, akwai allo. A bakin hanyar an manna jadawalin lokutan da za a iya tsallakawa, kuma ƙa'idar da kowa ke faɗa ita ce awa biyu kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa, awa biyu bayan haka. Saboda haka, in ji su, duk wanda ruwa ya tare wawa ne ko mai kunnen ƙashi, kuma wauta a biya ta.

To bari mu dubi wannan wautar da kyau. Cika da janyewar teku wata ne ke jan ragamarsu, rana na taya shi. Tsakanin cika da cika akwai awa 12 da minti 25, abin da ke nufin kowace rana lokacin na jinkirtawa da kusan minti 50. Wanda ya tsallaka lafiya da ƙarfe biyu ranar Asabar, idan ya koma da ƙarfe biyu ranar Asabar mai zuwa, zai iya tarar da teku maƙil. Mu da muka saba da jadawalin buɗa-baki mun san lokaci na motsi, amma namu minti ɗaya ko biyu yake motsawa a rana, ba kusan awa guda ba. Sannan cikar ba ɗaya ba ce. Ranar tsayuwar wata da daren sha huɗu, lokacin da wata da rana suka daidaita, ruwa yakan janye nesa sosai ya kuma dawo da ƙarfi, har bambancin tsayinsa a wannan yanki ya kai wajen mita biyar. A tsakankanin haka sai ya yi sanyin jiki. Iska ma tana da nata, in ta taso daga gabas takan turo ruwan da wuri. Ga kuma canjin agogo da Birtaniya ke yi a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba, wanda ke sa mutum ya ɗauko jadawali daga intanet ya karanta shi daidai, amma ya kuskure da awa guda cur saboda an rubuta shi da agogon hunturu. Wanda aka haifa a bakin teku ya sha duk wannan a nono. Su waye ke zuwa Cramond ranar hutu? Ɗalibai daga ƙasashen da ba su taɓa ganin teku ba, 'yan yawon buɗe ido da suka ga hoton ginshiƙan a Instagram, iyaye da yara, ma'aikatan da suka samu rana ɗaya tak a mako. Baƙo ai makaho ne ko da idonsa garau.

Ni kaina saura ƙiris in shiga sahunsu, shi ya sa ba na yi wa kowa dariya. Wata bazara na kai ƙanin wani abokina da matarsa, sababbin zuwa ne, ya zo karatu. Na duba jadawali, na sa wa wayata ƙararrawa. Da ta kaɗa na ce mu tashi. Yaron nan ya miƙe ya hanga, ya ce, "Haba Yaya, ruwan da ke can ƙarshen duniya? Ko da mota yake zuwa ai ma gama shan shayi." Gaskiyarsa ta ido ce. Rairayi ne shimfiɗe iya ganinka, tsuntsaye na ta kiwo, ruwa na can nesa yana ƙyalli. Na biye masa minti 15 kacal. Ba mu kai rabin hanya ba sai ga ruwa yana lasar gefen kankaren, kuma ba daga inda muke hangensa ya zo ba. Ta kwararo-kwararon cikin yashi ya sulalo, ya zagayo ta gefe, shiru, babu ruri babu igiya. Muka ƙarasa da wanduna a naɗe, matarsa na ta salati. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda kogi ke kawo ruwa da damina: kana tsaye cikin busasshen rairayi, ko gajimare babu a samanka, sai ka ji an ce ku fita ruwa ya taho, don an sheƙa shi can sama. Haka teku take yi a Cramond, sai dai ita ba ta jiran damina. Yaron nan digiri na biyu yake yi a fannin injiniya. In wawa ne, to ban san mai wayo ba.

Amma a ce na yarda. A ce duk wanda ruwa ya tare sakarai ne na ƙin ƙarawa. Har yanzu tara ba ta da kai, kuma a nan ne nake son masu wannan magana su tsaya su saurara, don nan ne rai yake.

Wanda teku ta rufe wa hanya yana kan tsibirin Cramond ba ya cikin haɗarin nutsewa. Tsibirin tudu ne, ruwa ba ya shanye shi. Zai ji sanyi, zai ji yunwa, zai ji kunya, in yana da ƙaramin yaro ko mai ciwon suga hankalinsa zai tashi, amma ƙasa ce a ƙarƙashin ƙafarsa. Haɗarin yana kan hanya, a lokacin da mutum ya ga ruwa iya idon sawu ya ce bari in yi sauri in wuce. Mil guda da nisa. Kafin ya kai tsakiya ruwan ya kai gwiwa, kankaren da gansakuka ta lulluɓe ya ɓace masa, gefensa rami ne, ga ƙarfin ruwa na jan ƙafa. Ruwan Forth ko a tsakiyar bazara da ƙyar yake kai digiri 15, kuma masu aikin ceto sun daɗe suna gargaɗin cewa ruwa mai irin wannan sanyi yana shiɗe mutum nan take, ya yi ta haki ba da sonsa ba, ya shaƙi ruwa, ko da gwanin iyo ne. Shi ya sa shawarar da ake bayarwa ɗaya ce: ka koma kan tsibiri, ka kira lambar gaggawa ta 999, ka nemi masu gadin gaɓar teku, ka jira. To yanzu ka sa kanka a matsayin ɗalibin da kuɗin hayar ɗaki ke hana shi barci, ko baƙon da ke tsoron duk abin da zai haɗa sunansa da hukuma. Yana tsaye a bakin ruwa, waya a hannu, ya san kiran nan zai jawo masa takardar fam ɗari-ɗari. Me kake jin zai yi? Zai mayar da waya aljihu ya tattare wando. Tarar da aka ce za ta koya masa hankali ita ce za ta tura shi cikin ruwa. Kuma jirgin da ake jin ciwon man da yake ƙonawa zai fito duk da haka, sai dai wannan karon gawa zai nema, cikin dare, har da jirgi mai saukar ungulu.

Mu 'yan Najeriya ai bai kamata a tsaya ana yi mana bayanin wannan ba. Shekara nawa muka yi muna ganin wanda aka harba ko mota ta buge yana zubar da jini a ƙofar asibiti, ana cewa sai an kawo takardar 'yan sanda, sai an ajiye kuɗi? Masu wucewa ma tsoron ɗaukarsa suke, kada taimako ya zame musu jidali. Sai da ta kai an yi doka a 2017 da ta wajabta karɓar wanda aka harba ba tare da jiran wannan takarda ba. Mun san abin da ke faruwa idan aka gindaya sharaɗi tsakanin mai neman ɗauki da mai kawo shi. Abin mamaki ne a ce wanda ya baro wancan ya zo nan yana neman a dasa irinsa.

Kuma wa ya aike su? Wannan tambayar ce ta fi ba ni haushi. Jirgin da ke zuwa Cramond ba na gwamnati ba ne. Na ƙungiyar RNLI ne, ƙungiyar agaji mai ceton rayuka a teku da aka kafa a 1824, shekarar da Baturen nan matafiyi Clapperton, wanda shi ma ɗan Sikotlan ne, ya isa Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shekara 200 ke nan da ɗoriya tana aiki da gudummawar jama'a da wasiyyar mamata, kuma galibin masu shiga jiragenta 'yan sa-kai ne, masu sana'o'insu, da ke ajiye cokali su ruga in an kira. Su da ke jiƙewa, su da ke barin iyalinsu a kan abinci, ba sa karɓar ko kwabo daga wanda suka ceto, kuma sun sha nanata cewa gara a kira su da wuri a kan a yi nauyin baki. Mai ɗaki bai ce zafi ba, sai na tsakar gida ke ta fifita. Mutumin da bai taɓa jefa fam ɗaya cikin asusunsu ba shi ne ke kuka da asarar da ake jawo musu.

Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin maganar da ba na so in wuce shi. Da zarar an fara tambayar wa ya cancanci a cece shi, ba a Cramond take tsayawa ba. Mun gani a 2021, lokacin da ɗan siyasar nan Nigel Farage ya kwatanta RNLI da motar haya ta masu safarar mutane, saboda tana tsamo 'yan ci-rani daga mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa. Ƙungiyar ba ta ja da baya ba, ta ce aikinta ceton rai ne ba tare da tambayar wane ne ba, kuma jama'a suka amsa mata da gudummawar sama da fam 200,000 cikin kwana guda. Lissafin da ke cewa wancan ya jawo wa kansa, a bar shi, shi ne dai lissafin. Yau ɗan yawon shaƙatawa ne da ya manta agogo, gobe yaron da ya taso daga Agadas. Baƙin fatar da ke tafa wa na farko ya tuna da na biyu.

Masu cewa a sa ƙofa kuwa, ban ga abin ɓata yawu a kansu ba. Idan teku ta janye, yashi ne fili guda ta ko'ina, sai ka sa ƙofa a tsakiyar saura ka ga ko za ta tsare akuya. Iyakar abin da za ta yi shi ne ta kori mutane daga kan kankare zuwa cikin laka. Ban da haka, dokar ƙasa ta Sikotlan ta 2003 ta ba kowa 'yancin ratsa filaye da gaɓar ruwa muddin zai kiyaye, ko da kuwa filin na wani ne. Cramond ɗin ma mallakar gidan Rosebery ne, masu gandun Dalmeny, gidan da ya taɓa fitar da firaministan Birtaniya a 1894. Talakan Sikotlan ya daɗe yana fafutukar wannan 'yanci, ba zai sarayar da shi don wasu sun ji haushin labarin jarida ba.

Abin dariya ma shi ne, an taɓa rufe wannan mashigi, rufewa ta gaske, kuma ginshiƙan nan da kowa ke ɗaukar hoto a gindinsu su ne shaida. Da yawa suna cewa don tare jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin ruwa aka yi su, amma ruwan wajen bai da zurfin da irin wannan jirgi zai bi. Ƙananan jiragen yaƙi masu gudu ake tsoro, masu ɗauke da nakiya, kada su saci jiki lokacin cikar teku su zagaya ta kudancin tsibirin su shige ciki. Me ke ciki? Sansanin jiragen ruwan yaƙi na Rosyth, da gadar jirgin ƙasa ta Forth da aka buɗe a 1890. Tsoron kuwa ba na banza ba ne. Ranar 14 ga Oktoban 1939, makonni shida da fara Yaƙin Duniya na Biyu, wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya sulale ta wata 'yar kafa a Scapa Flow, can arewacin Sikotlan, ya nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Royal Oak da mutum fiye da 800. Kwana biyu bayan haka, ranar 16 ga wata, jiragen saman Jamus suka kawo harinsu na farko a kan Birtaniya, kuma a nan Forth suka kawo shi, kan jiragen ruwan da ke kusa da gadar, suka kashe sojojin ruwa 16. Mutumin da ke tsaye a kan tsibirin Cramond a ranar da idonsa zai kalli abin. Bayan irin wannan, duk wata kafa da ɓera zai bi sai an toshe ta. Aka jera ginshiƙan daga gaɓa zuwa tsibiri, aka kafa igwa a kan tudun da ke fuskantar hanya, da fitilar hange a gefenta. Ta arewa kuma aka gina mazaunin manyan bindigogi, da ɗakunan injin wuta, da rumbunan harsashi, aka ja shingen ƙarfe cikin ruwa zuwa wajen tsibirin Inchcolm. Tun a Yaƙin Duniya na Ɗaya ma an girke bindigogi a nan, kuma a wannan ruwa ne rundunar jiragen Jamus, kimanin jirgi 70, ta zo ta miƙa wuya ranar 21 ga Nuwamban 1918. In ka hanga daga tudun za ka ga Inchmickery, tsibirin da gine-ginen soja suka cika har ya koma kamar jirgin yaƙi a tsaye.

Duk lokacin da na shiga ɗaya daga cikin ɗakunan nan nakan tuna tsofaffin 'yan Boma na unguwarmu. Yaƙi ɗaya ne. Lokacin da wani saurayi ke rawar ɗari a nan yana gadin ruwa, wani sa'ansa daga Katsina ko Zazzau na cikin dajin Boma tare da runduna ta 81 ko ta 82 ta Afirka ta Yamma, sauro na cinsa. An rufe mashigin Cramond don maƙiyi mai nakiya. Yaƙi ya ƙare, aka kwashe bindigogi, aka bar wa jama'a wurin. Yanzu kuma wai a sake rufe shi saboda mata da yara masu kwandon abinci.

Ga inda munafuncin yake fitowa fili. Waɗannan masu kishin tsari da oda, yaushe suka taɓa buɗe baki kan halin da gine-ginen suke ciki? Ka je ka gani. Bango duk an zane shi da fenti, fasassun kwalabe a ƙasa, tokar wutar da aka hura cikin ɗakin harsashi, ƙarafa sun yi tsatsa sun fasa kankare, wani lungun ma ba ya shiguwa don zarni. Da ƙyar baƙo zai gane wane ɗaki ne na igwa, wane ne na inji. Kangon gidan gonar da ke tsakiyar tsibirin, inda aka zauna har shekarun 1930, aka kuma yi kiwon tumaki a kewayensa har shekarun 1960, ciyawa da ƙaya sun haɗiye shi. A ƙauyen da ke tsallake kuwa an killace harsashin sansanin da Rumawa suka gina wajen shekara ta 140, kuma mutum-mutumin zakanyar da aka tsamo daga kogin Almond a 1997 na can gidan tarihi na ƙasa ana tattalinta. Inchcolm mai tsohuwar majami'a yana da masu kula da tikiti da jirgin kai baƙi. Na Rumawa tarihi ne, na sufaye tarihi ne, amma kankaren da aka zuba don kare birnin nan fiye da shekara 80 da suka wuce an bar wa 'yan shaye-shaye. Wannan bai dami masu tara ba. Abin da ya dame su shi ne wata baiwar Allah da ta kuskure agogo. An bar jaki ana dukan taiki.

Wasu za su ce ai akwai masu ganganci na gaske, waɗanda ke kwasar barasa su tafi can da gangan su kwana suna kiɗa, sannan sanyi ya kama su su kira jirgi. Akwai su, kuma in sun karya doka akwai 'yan sanda. Ba a rushe rijiya don wani ya tofa yawu a ciki.

Ba Cramond kaɗai ke da hanyar da teku ke haɗiyewa ba, kuma sauran ba da takardar tara suka magance abin ba. A Lindisfarne, arewa maso gabashin Ingila, inda motoci ke bin irin wannan hanya, kuma kusan duk shekara sai wani direba ya raina ruwa, an kafa wata 'yar bukka a kan dogayen ƙafafu a tsakiyar hanya, wanda ruwa ya ritsa da shi ya hau ya jira. A Faransa, hanyar Gois da ke zuwa tsibirin Noirmoutier ta wuce kilomita huɗu, kuma an jera mata hasumiyoyin tsira a gefe tun da daɗewa. Mutanen can sun karɓi gaskiyar da masu tara suka ƙi karɓa, cewa ɗan'adam zai yi kuskure komai girman allo, don haka sai ka tanadar masa inda zai maƙale. A gaɓar Morecambe, inda teku ta cinye ma'aikata 'yan China fiye da 20 masu tsintar ƙumba a watan Fabrairun 2004, an ga abin da ke faruwa idan aka bar baƙon da bai san ruwa ba, mai tsoron hukuma, shi kaɗai da teku.

Me za a yi? Ni ba injiniya ba ne, kuma ba wani abu mai wuya ake bukata ba. Allo na bakin gaɓa ne, amma shawarar da ke kashe mutum a kan tsibiri ake yanke ta, lokacin komowa. To a kafa gargaɗi babba a can, a bakin hanya ta ɓangaren tsibirin, da hoto maimakon dogon Turanci da lambobi, wanda ke cewa in ka ga ruwa ya taɓa nan, tsaya, kira, ba za a caje ka ko sisi ba. Wannan jimlar ta ƙarshe a rubuta ta da manyan baƙaƙe. A sa jiniya ko fitila da za ta yi alama minti 30 kafin hanya ta rufe. A ranakun hutun bazara a ajiye mutum guda da riga mai ƙyalli yana gaya wa masu shiga ƙarfe nawa za su fito. Ko ɗaya daga cikin ɗakunan sojan a share, a sa masa ƙofa da benci, ya zama mafakar mai jiran ruwa ya janye, a manna bayanin abin da aka yi da shi a 1940 a bango. Wa zai biya? Majalisar birni da masu gandun su zauna su raba. Birnin da ke cika maƙil da baƙi duk watan Agusta ba zai ce jiniya ɗaya ta fi ƙarfinsa ba.

Ƙanin abokin nan nawa ya koma Cramond sau uku bayan wancan karon, har yana kai sababbin ɗalibai. Ya ce mini yanzu ƙararrawa biyu yake sawa a waya, kuma tun a bakin gaɓa yake tara su ya karanta musu 999, ya ce duk wanda ruwa ya tare ya zauna inda yake ya kira, kyauta ne. Wata daga cikinsu ta tambaye shi har sau biyu ko ya tabbata kyauta ne.